Gonar Makaranta: Manomi Ya Koya, Saura Ƴan Kasuwa

Kamar yadda kowa ya sani, da zarar sanyi ya shigo kasuwanninmu sukan cika da kayan garka. Daga Jiratawa da bakin Gulbin Maraɗi, daga Mirya da Gidimuni, daga Galmi da Tabalak, motoci da amalanke na ta sauke salati, shu, tumatir, karoti, albasa da zogala. Mai saye ya tambayi kuɗi, mai sayarwa ta yi masa ragi ko ta ce albarka, ciniki ya faɗa ko ya watse. Amma akwai tambaya guda da ba a cika jin ta a bakin kowa ba: yaushe aka yi wa wannan ganye feshin magani na ƙarshe, kuma da wane magani?

A ƙauyuka da dama na jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram akwai wuraren da ake koya wa manoma yadda za su samu amfani mai kyau ba tare da sun dogara ga guba ba. Su ne ake kira gonakin makaranta, wato gona ko garka ta gama kai inda mutanen gari ke taruwa suna koyon noma da takin gargajiya da magungunan da ake haɗawa a gida. A ganinmu wannan karatu ya yi rabin tafiya ne kawai. An koya wa manomi, an manta da ɗan kasuwa da ƴar kasuwa, alhali su ne ke yanke wa kayan farashi. Muddin ba a gyara wannan ba, manomi zai koya yau, gobe ya koma gidan jiya.

Mene ne gonar makaranta?

Asalin abin daga ƙasar Indunusiya ya fito. A can manoman shinkafa sun yi ta zuba magani har suka kashe ƙwarin kirki masu cinye ƙwarin ɓarna, sai wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsotse shinkafa ya samu fili ya yi musu mummunar ɓarna. A 1986 gwamnatin ƙasar ta hana amfani da magunguna iri 57 a gonakin shinkafa, a 1989 kuma, tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, aka buɗe gonakin makaranta na farko.

Tsarin ba shi da wuya. Manoma kamar 25 ne ke haɗuwa sau ɗaya a mako, tun daga shuka har girbi. A raba fili biyu: gefe guda a yi noma yadda aka saba, ɗaya gefen a gwada sabuwar dabara. Kowane mako ɗalibai su shiga cikin shuka da sassafe, su duba ganye, su kamo ƙwari, su rarrabe mai ɓarna da mai taimako, sannan su zauna ƙarƙashin itace su yanke shawarar abin da za a yi. Babu allo, babu jarrabawa, kuma wanda bai taɓa shiga lakwal ba yana iya fin kowa ganewa. Ranar girbi a auna amfanin gefe biyun a gaban jama'a. Gani ya kori ji.

A Nijar wannan tsari ya bazu ta hannun ma'aikatan gona na gwamnati, da cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN, da FAO, da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Shirin ProDAF da gwamnati ta soma a 2015 tare da asusun FIDA ya buɗe irin waɗannan gonaki a Maraɗi, Tawa da Damagaram, wasu na hatsi da wake da damina, wasu na kayan garka da rani. Da yawa daga garaken rani na ƙungiyoyin mata ne, masu rijiya guda da shinge guda, kowace mace da fangalinta.

Abin da ake koyarwa

Darasi na farko shi ne taki. Maimakon a watsa kashin dabbobi busasshe a bar rana da iska su cinye ƙarfinsa, ana koya wa mutane su jera shi hawa-hawa da kara, ganye da toka, a riƙa yayyafa ruwa, a riƙa juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku sai ya ruɓe ya zama baƙin taki mai riƙe danshi, kuma zafin da yake yi lokacin ruɓewa yana kashe yawancin ƴaƴan ciyawa.

Darasi na biyu shi ne maganin ƙwari na gida. Bedi, wato dogon yaro, yana nan a kowane titi na garuruwanmu, ƴaƴansa na zuba ƙasa yara na tattakawa. Idan aka daka kimanin rabin kilo na ƙwallon aka jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, aka tace, aka sa ɗan sabulu, aka fesa da marece, yana hana tsutsa cin ganye, yana kuma hana ta girma. Wasu na ƙara tonka da tafarnuwa. Ba ya kashe ƙwaro nan take kamar maganin kanti, kuma rana na karya ƙarfinsa, saboda haka sai an maimaita kusan kowane mako.

Darasi na uku shi ne sanin abokin manomi cikin ƙwari. Misali mafi girma a wajenmu shi ne murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Tun wajen 2006 masu bincike na INRAN a Maraɗi suka soma kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke harbin murzuna ya yi ƙwai a jikinta. Ana sa shi cikin ƴan ƙananan buhuna a rataya a kewayen gari lokacin da hatsi ke fitar da kai, shi kuma ya fita ya bi gonaki da kansa. Babu feshi, babu guba, kuma gonar maƙwabci ma tana cin moriya.

Ga kuma darussan gyaran ƙasa, waɗanda tarihinmu ya riga ya nuna amfaninsu. A 1989 aka kai manoma 13 daga yankin Illela na jihar Tawa ziyara Yatenga ta Burkina Faso. Suka ga yadda ake haƙa ƴan ramu a faƙo a zuba taki a yi shuka a ciki, suka dawo suka gwada. Tassa ta bazu har aka wayi gari faƙon da babu mai so ya zama abin saye da sayarwa. Haka sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana yi masa aski maimakon a sare, wanda ya soma daga Maraɗi a farkon shekarun 1980. Masana sun ƙiyasta ya maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Duk waɗannan daga bakin manomi zuwa kunnen manomi suka yaɗu.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Wani zai ce wannan duk zancen manoma ne. To, ga dalilai uku da suka sa muke cewa namu ne mu duka.

Na farko lafiya. Ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohi, ta sha zagaya kasuwanni tana ƙidayar magungunan ƙwari da ake sayarwa, kuma abin da take tararwa shi ne mafi yawansu ba su da izinin kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magunguna. Da yawa ta kan iyaka suke shigowa, rubutun jikinsu da Ingilishi, wanda mai saye ba ya karantawa, sau da yawa mai sayarwa ma haka. A jikin kowane kwalba na gaskiya akwai adadin kwanakin da ya kamata a jira tsakanin feshi da girbi, wani kwana 3, wani 7, wani 14 ko fiye. Wanda bai san da wannan ba zai fesa yau ya yanka jibi. To wa ke fara taɓa wannan ganye? Ƴar kasuwa ce ke kwance buhun, ita ke tsincewa, ita ke yayyafa masa ruwa tun safe har marece da goyo a bayanta, abin da ya yi kwantai kuma shi ne miyar gidanta. Ruwan jabel da ake wanke salati da shi yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da gubar da ta riga ta shiga cikin ganye.

Na biyu suna. Idan ba a manta ba, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an yi ta samun maganin dichlorvos a cikinsa fiye da ƙima, wato dangin abin da ake kira piya-piya. Ba manomi guda aka hukunta ba, ƙasa ce gaba ɗaya aka rufe wa ƙofa. Mu ma albasarmu, wakenmu, riɗinmu da ayarmu ƙetare iyaka suke yi, kuma masu saye na nesa suna da injunan gwaji. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ranar da aka kama kayan Nijar da guba, asarar za ta faɗa a kan wanda ya biya kuɗin mota da na duwan, ba a kan wanda ya sayar da kwalbar ba.

Na uku farashi. A 2021 da 2022 kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a duniya, yaƙin Rasha da Yukren ya ƙara hura wutar. Kafin a farfaɗo, sai ga takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina. Tun kafin nan ma mun ga rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Duk lokacin da haka ta faru, mai garkar da ya dogara kacokan ga taki da magani na waje sai ya rage fili ko ya ci bashi, kaya su yi ƙaranci, ƴar kasuwa ta rasa na sari. Wanda ya iya haɗa takinsa da maganinsa, rufe iyaka ba ya tsayar da shi.

Haka nan maganin kanti ba kullum yake ci ba. A 2016 tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin Kano da Kaduna, manoma suka yi ta ninka feshi a banza domin tsutsar tana ɓuya cikin ganye kuma tana saurin sabawa da magani. Duk mai sayar da tumatir a wancan lokaci ta san yadda kwando ya gagari mutane.

Inda gizo ke saƙa

Tunda abin yana da wannan amfani, me ya sa da yawa ke watsar da shi da zarar masu shirin sun kwashe kayansu? Mu da ke aikin rediyo muna jin amsar a bakin masu garka da ke bugo waya, kuma kusan guda ce: kasuwa ba ta san bambanci ba.

A duba wahalar. Mace ta tsinto ƴaƴan bedi, ta shanya, ta daka, ta tace, ta fesa kowane mako. Ta juya taki da hannunta wata biyu. Shu ɗinta ya fito da ɗan huji nan da can, domin tsutsa ta ɗan lasa kafin magani ya kama ta. Maƙwabcinta ya sayi kwalba guda ya fesa jajibirin kasuwa, nasa ya fito sumul yana ƙyalli. Ranar kasuwa dillali ya zo ya zaɓi mai ƙyalli, mai huji kuma a taya shi da arha, ko a zuba su buhu guda a ɗaure. Wace mai hankali ce za ta sake shan wannan wahala baɗi?

Dole kuma a faɗi gaskiya, wannan noma yana da iyakarsa. Taki ba ya isa kowa, domin ba kowane gida ke da dabbobi ba, kara kuma ana rububinsa tsakanin abincin dabbobi, makamashi da darni. Ƙasarmu ta jigawa tana da ƙarancin sinadarin fosfat, wanda takin gida kaɗan ba ya cike giɓinsa. Shi ya sa masu bincike na ICRISAT a Sadore suka fito da dabarar sa ɗan takin zamani daidai tsunkulin yatsa uku a kowane gurbin hatsi, kuma gonakin makaranta da dama suna haɗa wannan da takin gargajiya. Ga gonar hatsi mai hekta uku ko huɗu wannan haɗin shi ne mafita. Amma ga garka mai ƴan fangali, wadda ake cin ganyenta ɗanye, rabuwa da guba abu ne mai yiwuwa, in har akwai mai biyan ladan wahalar.

Inda aka jawo kasuwa ciki

Muna da misalai da ke nuna abin da ke faruwa idan aka sa ɗan kasuwa cikin karatun.

Na kusa shi ne buhu mai riɓi uku na ajiyar wake, wanda ake kira PICS. An soma yaɗa shi a 2007 tare da jami'ar Purdue ta Amurka, kuma INRAN ta Maraɗi na cikin waɗanda suka yi gwajinsa. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowane ɗaya tamau, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu. Masu shirin ba su tsaya ga manoma ba. Sun shiga kasuwanni sun nuna, sun ɗaure buhuna a gaban jama'a, bayan watanni aka taru aka kwance kowa ya ga waken fes, sannan suka nemi ƴan kasuwa su riƙa sarar buhun suna sayarwa. Da ɗan kasuwa ya ga riba biyu, ta sayar da buhun da ta ajiye wake har lokacin tsada ba tare da huji ba, abin ya tsaya da ƙafarsa. Ya kuma rage wa mutane haɗarin ƙwayar Phostoxin, wadda hayaƙinta ke iya kisa idan an ajiye buhunan a ɗakin da ake kwana.

Misali na biyu yana Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin. A 1985 wani limamin coci haifaffen Kano, Godfrey Nzamujo, ya kafa cibiyar Songhai a kan fili hekta guda. Ƙa'idar wurin ita ce ba a zubar da komai: kashin kaji ya haifar da tsutsa a ba kifi, ruwan kifi ya shayar da garka, ragowar ganye ya koma abincin dabbobi ko taki, ƙazanta ta ba da gas na girki. Matasa daga ƙasashe da dama na zuwa su zauna watanni suna koyo da hannunsu. Abin lura a gare mu shi ne cibiyar tana da wurin sarrafa kaya, da kanti, da gidan abinci, kuma ɗalibi yana koyon lissafin riba da neman mai saye kamar yadda yake koyon shuka. Sun gane tun farko cewa gonar da ba ta da kanti ba ta daɗewa.

Na uku a Burkina Faso yake. Takardar shaida irin ta Turai tana da tsadar da ƙaramin manomi ba zai iya ba, sai ƙungiyar CNABio ta fito da tambarin BioSPG. Manoma, masu saye da masu sayarwa su ne ke haɗuwa su ziyarci garaken juna, su duba, su ba da shaida. Mai saye a Wagadugu yana ganin tambarin ya san abin da yake biya.

Abin da ya kamata a yi

Ba sai mun jira wani babban shiri daga waje ba. Da farko, duk gonar makaranta da za a buɗe a ware kujeru biyu ko uku ga matan da ke sarar kayan wannan gari, ko da ranar auna girbi ce kawai za su zo. Wadda ta ga yadda aka noma shu da idonta, ita ce za ta iya gaya wa mai saye cewa ɗan hujin nan alama ce ta ganyen da tsutsa ma ba ta ji tsoron ci ba.

Na biyu, a ƙulla alkawari tun kafin shuka. Tun 1991 da aka soma asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, matanmu sun nuna sun iya riƙon amanar kuɗi. Ƙungiyar ƴan kasuwa na iya ba ƙungiyar masu garka ɗan kafin alƙalami na iri, bisa sharaɗin ba za a fesa guba ba, su kuma su yi alkawarin saye da ɗan ƙari a kan farashin ranar. Kowa ya san inda ya dosa.

Na uku, magadan gari da shugabannin kasuwa su ware rumfa ko layi guda ga irin waɗannan kaya, a Babbar Kasuwar Maraɗi, a Dole ta Damagaram, a Tawa da kasuwannin Yamai, yadda ba za a gauraya su da saura ba. Masu gidajen abinci, masu sayar da kwaɗon zogala da iyayen yara ƙanana su ne za su fara zuwa. Wanda aka kama ya yi algus a fitar da shi daga layin, domin amana ita ce jarin wannan ciniki.

Na huɗu, masu teburin magani su ma a kira su makaranta. Ba mu ce su bar sana'arsu ba, amma mai sayar da kwalba ya san abin da ke ciki, ya san wanda aka yarda da shi, ya kuma gaya wa manomi kwanakin jira. Akwai ma sabuwar haja a gabansu: garin ƴaƴan bedi, man bedi, ruɓaɓɓen taki a buhu, buhun PICS. Mai garka da ba shi da lokacin daka zai saya da murna in ya samu a shirye.

Na biyar ya rataya a wuyanmu mu ƴan jarida da gidajen rediyo. Kamar yadda muke karanta farashin tiyar hatsi da buhun albasa kowane mako, haka ya kamata mu riƙa sanar da inda ake samun kayan garka marasa guba da ranar da gonar makaranta ke buɗe ƙofa ga baƙi.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomi ya ɗaga nasa gefen, ya ba da safiyarsa guda kowane mako yana koyo. Ya ku iyayenmu mata da ƴan'uwa ƴan kasuwa, saura naku gefen. Gobe idan mai garka ya sauke muku kaya, kafin ku taya, ku tambaye shi ranar da ya yi feshi da abin da ya fesa. Idan tambayar ta yi yawa a bakin masu sari, za ta isa garka da sauri fiye da kowane malamin gona. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka da lafiyar cin abin da muka samu, amin.